Tsohon Agogo Ya Fi Sabon Jabu: Shawara Ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

Duk ɗalibin harshe ya san cewa kalmar agogo aro Hausawa suka yi daga Yarabanci, inda asalinta take nufin ƙararrawa. Mun ari kalmar, mun riƙe ta, har mun yi mata kirari da sarkin aiki. To, ganin yadda samarinmu, musamman masu shirin kammala karatu, ke rige-rigen ɗaura agogon hannu don fita kunya a wurin neman aiki ko wurin biki, shi ya sa na ga ya dace in faɗi ra'ayina a kan irin agogon da ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya kashe kuɗinsa a kai.

Abin da aka fi yi a yanzu shi ne a nufi bakin titi a sayi mai ƙyalƙyali wanda aka rubuta wa Rolex a fuska, alhali mai sayarwa da mai saye duk sun san ƙarya ce. Bayan wata uku ruwan zinaren ya koɗe, ya bar wa mutum kore a tsintsiyar hannu. A ganina wannan asara biyu ce, ta kuɗi da ta mutunci, domin duk wanda ya san agogo, kallo ɗaya zai yi ya gane. Da irin wannan kuɗin, ko da ɗan ƙari kaɗan, ana iya samun agogo na gaskiya da aka ƙera tsakanin shekarun 1950 zuwa farkon 1970, mai wani ko mai wana kansa da motsin hannu, irin wanda kakanninmu suka riƙa dawowa da shi tsaraba daga Makka.

Me ya sa na wannan zamanin? Dalilin yana cikin tarihi. A ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai batir da ƙwayar kwatz da aka kai kasuwa. Cikin 'yan shekaru irinsa suka yi araha, suka kusa durƙusar da masana'antar agogo ta Suwizalan, inda ma'aikata suka ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kimanin 28,000 a 1988. Kafin wannan guguwa, agogo kaya ne da ake yi don a gyara shi idan ya lalace: a kwance shi, a wanke, a zuba mai, a mayar. Kuma an ƙera su da yawan gaske, shi ya sa har yau ake samun su a durowar tsofaffi da akwatin gilashin masu gyara a kasuwanninmu, kuma ana samun kayan gyaransu.

Kuskuren farko da mai saye ke yi shi ne bin babban suna. Omega Seamaster, wanda aka fara yi a 1948, agogo ne na kirki, babu musu. Amma idan ka ga an yi maka tayinsa a kuɗin da ɗalibi zai iya biya, to ka tabbata akwai lauje cikin naɗi: ko an sake masa fenti, ko injinsa na wani ne daban, ko tsatsa ta gama da shi. Gara ka sauko inda kuɗinka zai sayi lafiyayye. Seiko 5, wanda ya fara fitowa a 1963, shi nake sa wa a gaba, saboda juriyarsa da kuma cewa da wuya ka sami mai gyaran agogo a Nijeriya da bai taɓa buɗe shi ba. Akwai Citizen da Orient, su ma na Japan. Akwai West End na Suwizalan, wanda ya yi suna a Indiya da ƙasashen Larabawa. Akwai HMT na gwamnatin Indiya, da aka kafa sashen agogonsa a 1961 tare da taimakon Citizen, aka rufe shi a 2016. Sanannen samfurinsa sunansa Janata, wato jama'a. Daga Tarayyar Sobiyet kuwa akwai Pobeda, ma'ana nasara, da Raketa, ma'ana roka, sunan da aka raɗa a 1961, shekarar da Yuri Gagarin ya tafi sararin samaniya. Ko sunayen kaɗai sun ishi mai nazarin harshe abin tunani.

Sai dai fa a nan ne ake yin kitso da ƙwarƙwata. Kasuwar tsofaffin agogo cike take da waɗanda aka harhaɗa: gida na wannan, inji na wancan, a shafa wa fuskar sabon fenti ja ko shuɗi, a buga sunan kamfani. Da yawansu daga Indiya suke fitowa, kuma HMT da Seiko da Citizen ne aka fi yi wa haka. Agogon da ya shekara 60 a duniya amma fuskarsa tana sheƙi kamar jiya aka yi ta, kyan ɗan maciji ne. Fuska ta asali takan ɗan dusashe, rubutunta kuma siriri ne, daidai wa daida, babu kauri ko karkata. Ni dai na fi son mai 'yan tabon tsufa a kan wanda aka yi wa kwalliya.

Kada ka biya sai an buɗe maka bayansa. Ka nemi mai gyaran da ka yarda da shi, wanda ba shi ne mai sayarwar ba, ya duba. Sunan da ke jikin injin ya yi daidai da na fuskar? Akwai tsatsa ko koren gansakuka? Idan akwai, ruwa ya taɓa shiga, ka bar shi komai arharsa. Yawancin nagartattun masu wani na wancan lokaci za ka ga an rubuta musu duwatsu 17. Duwatsun nan yakutu ne na haɗi da ake sa wa a magamar ƙarafa don rage gogayya, ba su da wata daraja ta sayarwa, don haka kada wani ya ƙara maka kuɗi da sunan lu'ulu'u. Ka wana shi ka ji ko yana tafiya sumul, ka juya hannayensa su zagaya ka ga ko kwanan wata zai canza. In da hali, ka daidaita shi da wayarka ka dawo washegari. Saɓanin minti ɗaya ko biyu a yini ba abin damuwa ba ne ga tsoho. Gida na baƙin ƙarfe mara tsatsa ya fi mai ruwan zinare, domin shi ba ya koɗewa. Gilashin roba da ya kakkarce kuwa ƙaramin abu ne, ana goge shi ko a sauya.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Har zuwa shekarun 1960 ana amfani da sinadarin radiyom wajen fentin da ke sa lambobi haske da dare. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma gubar tana nan, domin sai bayan shekara 1,600 ƙarfinta ke raguwa da rabi. Shi ne ya halaka mata da dama masu fentin agogo a Amurka a shekarun 1920, saboda suna lasar bakin buroshi. Kada ka buɗe irin wannan da kanka ko ka kankare fuskarsa. Wanda aka rubuta wa harafin T kusa da kalmar Swiss a ƙasan fuska, da tiritiyom aka yi shi, haɗarinsa kaɗan ne.

Na san wasu za su ce duk wannan wahala ce, tunda waya tana nuna lokaci, kuma agogon batir mafi araha ya fi tsohon daidai. Gaskiyarsu. Ƙwayar kwatz tana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, tsohon kuwa yawanci bugu biyar yake yi. Wanda lokaci kawai yake nema, ya sayi Casio na gaskiya ya huta, ban ga laifinsa ba. Maganata da mai son ado ne da abin da zai daɗe a hannunsa, wanda in ba a ja hankalinsa ba jabu zai kwasa. Wasu kuma za su ce ya yi ƙanƙanta, tunda na maza a lokacin bai cika wuce milimita 33 zuwa 36 ba. Sabo ne kawai. A ƙarƙashin hannun kaftani ƙaramin ya fi zama daram, kuma 'yan'uwanmu mata ma za su iya ɗaurawa.

Wajen lissafi, shawarata ita ce ka raba kuɗinka uku: kashi biyu na saye, kashi ɗaya na wanki da mai da sabon maɗauri, domin kusan kowane tsohon agogo yana zuwa ne da busasshen mai. Bayan nan a riƙa kai shi wanki duk bayan kamar shekara biyar. Ko an rubuta a bayansa cewa ruwa ba ya shiga, kada ka yarda, robobin da ke tare ruwan sun daɗe da bushewa. Ka cire shi kafin alwala, ka sa shi a aljihu idan ruwan damina ya tare ka a hanya, kuma kada ka riƙa ajiye shi a kan waya ko lasifika, domin maganaɗisunsu yana sa shi gudu. Kafin ma ka nufi kasuwa, idan ka je hutu gida ka tambayi baba ko kawu, wataƙila akwai wani Seiko ko Rado da ke kwance a ƙasan adaka, wanki kawai yake jira.