Bayanmu Na Ciwo, Mu Kuma Sai Haɗiyar Ƙwaya

Wai don Allah yaushe za mu daina yaudarar kanmu a kan ciwon baya? Ka zauna a kowace majalisa bayan la'asar ka ga yadda ake tashi daga tabarma: hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a gwiwa, sai an ce "wash" an yi salati kafin a miƙe. Tela na kuka, direban tirela na kuka, ɗan adaidaita sahu na kuka, ma'aikacin ofis na kuka, uwargida da ta wuni tsugune gaban murhu ita ma haka. Ka tambayi kowannensu abin da ke damunsa, amsa ɗaya ce: "Basir ne." In ya canza baki ya ce "sanyi ne." Shi ke nan, an gama bincike.

Daga nan sai tasha, wurin mai mota da lasifika da jarkokin jiƙo, wanda kwalbarsa guda ke maganin basir da shawara da ciwon baya da ƙarin ƙarfi, duk a kurɓi ɗaya. Ko kuma kemis ɗin lungu, a ce wa yaron shago, "Yi mini haɗi na ciwon jiki." Ya zazzago ja da fari da rawaya, ya ƙulle a leda, ba suna ba takarda. Me ke ciki? Sau da yawa diklofenak, wanda yawan shansa ke jawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda. Wani lokaci tiramadol, da kowa ya san abin da ya mayar da samarinmu. Sai uwa uba dexa, ƙwayar da in aka daɗe ana sha take zuƙe ƙarfin ƙashi. Ita ce kuma ake cusawa cikin "sha ka fashe" da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki. Ka ji fa! Mu da kuɗinmu muke sayen abin da zai karya mu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. A 2023 ta fitar da shawararta kan ciwon da ya daɗe: a wayar wa majiyyaci kai, ya motsa jiki, ya ga masu gashin ƙashi, a guji ƙwayoyi masu sa maye. Galibin ciwon baya na tsoka ne da jijiya, yakan lafa cikin 'yan makonni, kuma kwanciya dare da rana ƙara shi take yi. Amma likita ya kuskura ya ce maka "je ka riƙa tafiya a ƙafa," ba allura ba ƙarin ruwa, sai ka fito kana cewa bai san aikinsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na iyayenmu mata. Tsohuwa ta ranƙwafa, tsayinta ya ragu, mu ce tsufa ne. Ta zame a bayan gida ƙashin ƙugunta ya karye, a kira mai ɗori, ta kwanta kwanciyar da ba ta sake tashi ba, mu ce ƙaddara. Gaskiya ne, komai da ƙaddara, amma wannan cuta ce mai suna, zaizayewar ƙashi, kuma ba ta sallama. Ba zafi ba kumburi, sai ranar da ƙashi ya karye. Ranƙwafawar nan ma sau da yawa ƙasusuwan gadon baya ne suka murƙushe ɗaya bayan ɗaya. A duniya, mace ɗaya cikin 3 da namiji ɗaya cikin 5 na waɗanda suka haura shekara 50 za su gamu da irin wannan karaya. Ƙashi rumbu ne: ana cika shi daga yarinta zuwa wajen shekara 30, daga nan sai ɗiba, kuma ɗibar na ƙara sauri da zarar mace ta daina al'ada.

To da me muke cika rumbun? A 1999 aka wallafa binciken da aka yi a Jos kan yara masu gwame da ƙafar baka. Ga rana kamar ta dafa mutum, amma ƙafafu sun lanƙwashe, domin kalsiyam ɗin da suke samu a abinci wajen miligiram 200 ne kacal a yini. A ƙasar shanu! Baligi na buƙatar kusan miligiram 1,000, kofi ɗaya na madara na ba da kusan 300. Ga nono da kindirmo, ga cuku a Nijar, ga kuka da zogale da riɗi, ga ƙananan kifin da ake taunewa har ƙaya. Duk mun raina su. Baƙo ya zo a aiki yaro ya sayo lemon kwalba, kwaɗon zogale kuwa wai abincin talaka ne. Na san rayuwa ta yi tsada, amma kuɗin haɗin kemis na mako guda zai sayi nono ludayi nawa? Kuma in an dafa ɗan abin kirki, wa ke cinye tsoka? Maigida. Uwargida da ta haifi takwas ta shayar da su, sai ƙanzo.

Motsa jiki kuwa abin dariya muka mai da shi. Dattijo ya sa kambas ya fita da asuba, a ce ƙaryar 'yan boko ce. Mace ta gwada, unguwa ta ɗauka: "Ina za ta da sassafen nan?" Masallacin da ke bakin layi ma sai an hau mashin. Filayen wasan yara an yanka an yi shaguna, tituna ba gefen masu tafiya a ƙafa, sabbin gidaje an rufe tsakar gida ruf, mace ta yi wata guda rana ba ta taɓa fatarta ba, alhali daga rana jiki ke samun bitamin D da ke shigar da kalsiyam cikin ƙashi. Sannan mu zauna muna zagin basir. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba. Minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta minti 30 kwana biyar, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu. Mai zaman keken ɗinki ko sitiyari ya riƙa tashi yana miƙewa. Mai ɗaga buhu ya durƙusa da gwiwa, kada ya sunkuya da baya. A bar taba. In kuwa ciwon ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko zazzaɓi da rama da gumin dare, to ba na jiƙo ba ne. Tarin fuka ma na cin ƙashin baya. A garzaya asibiti.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ba wanda zai zo ya yi mana wannan. Ku zubar da ƙullin ledar nan, ku ba 'ya'yanku mata nono tun yanzu, ku bar matanku su taka ƙasa su sha rana, ku kai tsofaffinku a duba ƙashinsu kafin su faɗi. Wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.