Ba a San Gwanin Makiyayi Ba Sai Damina Ta Sauka

'Yan'uwa makiyaya da fataken dabbobi, akwai wata gasa ta Turawa da ya kamata mu duba da idon basira. A shekarar 1873, a garin Bala na ƙasar Wales, aka tara makiyayan tumaki da karnukansu don a ga gwani. Har yau ana yin ta. Makiyayi ya tsaya wuri guda da fito a bakinsa, karensa ya kewayo tumaki 5 daga nesa, ya bi da su ta ƙofofi, ya shigar da su garke, yawanci cikin minti 15. Ƙasar tasu ta ruwa ce, sau da yawa a cikin yayyafi da taɓo ake karawa. Ranar da iska ta ɗauke fito, ulu ya jiƙe, tunkiya ta turje, ran nan ake sanin wanda ya iya.

Ba muna cewa mu sayo karnukan Turawa ba ne. Namu karen gadi ne, kuma addini bai hana ajiye kare don kiwo ba. Amma aikin da karensu ke yi, mu murya da sanda ke yi mana shi. Abin koyi shi ne sun mai da iya kiwo abin yabo, har da alƙalai da lada.

Mu ma muna da tushe. A Ingal, ƙarshen kowace damina, ana taron shan gishiri da tseren raƙuma. A Diafarabe ta ƙasar Mali, ran da shanu ke ƙetare kogin Kwara, ana yaba wanda garkensa ya fi ƙiba. To ina yabon yaron da ya bi da shanu ta burtali, gero dama, dawa hagu, hadari na gangami, bai bari ko zangarniya ɗaya ta karye ba? Wannan ita ce jarrabawarmu ta gaskiya. Ɓarnar dare ɗaya a watan Agusta kan jawo tara, ta jawo kamu, wani lokaci ta ci rai.

Ku dubi samarinmu da ke bi ta Agadas da Dirku har Sabha a kudancin Libiya, suna kiwon tumaki da raƙuman wasu. Can ruwan sama baƙo ne. Yaro ya shekara biyar bai kora dabba ta gefen shuka mai ruwa ba, ya dawo gida a danƙa masa garke da damina. In aka yi ɓarna, laifin wa?

Shawararmu ita ce, kowane ardo da sarkin noman yankinsa su ware rana guda a cikin damina. A kafa turaku a fili, a yi siffar burtali. Kowane yaro ya ratsa da dabbobi 20, wanda dabbarsa ta ƙetare iyaka a rage masa maki. Alƙalai su zama rabi manoma, rabi makiyaya. Fatake da dillalai su ba da ladan, tunda garke mai lafiya kasuwarsu yake zuwa.

Dokar hurumin kiwo ta 1965 a Arewacin Nijeriya da dokar kiwo ta 2010 a Nijar sun ba mu hujjar neman makiyaya da mashaya. Sai dai takarda ba ta kora saniya. Manomin da ya ga gwanintar ɗanmu da idonsa zai fi jin nauyin nome burtali.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabta, amin.