Ido Ma Hasashe Yake Yi

Wannan makon za mu ɗan taɓa karin maganar nan, wai gani ya kori ji. A littattafanmu mun mayar da idon jarumi tamkar kyamara: abin da ya gani shi ne abin da ya faru, ba musu. Masu binciken ƙwaƙwalwa kuwa sun daɗe da nuna cewa ido ba haka yake aiki ba, musamman a kan abin da ke motsi.

Mu ɗauki tayar mota a fim, wadda wani lokaci sai mu ga tana juyawa baya alhali motar gaba take yi. Fim ɗin sinima hotuna 24 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Idan tsakanin hoto da hoto kowane ƙarfen tayar ya kusa isa gurbin na gabansa amma bai kai ba, ƙwaƙwalwa tana da amsa biyu: ko ƙarfen ya yi doguwar tafiya gaba, ko na gabansa ne ya ɗan ja baya. Sai ta zaɓi gajeriyar tafiyar, ba tare da ta yi shawara da mu ba.

A 1935 Hans Wallach ya yi nazarin irin wannan da layuka masu karkata da ake kallo ta wata taga. Layukan iri ɗaya, tafiyarsu iri ɗaya, amma in tagar doguwa ce a tsaye sai a ga suna hawa ko sauka, in a kwance take sai a ga suna tafiya gefe. Haka ma wata idan gajimare na wucewa: mukan ga shi ne ke gudu.

Ganin motsi har sashensa gare shi a ƙwaƙwalwa, ana kiransa V5. A 1983 likitoci a Jamus sun ba da rahoton wata mata da wannan yanki ya lalace mata. Tana ganin kofi da buta sarai, amma shayin da take zubawa sai ya zama kamar daskararre, har kofin ya cika ya zube.

To don me shaidar da muka tsayar a bakin titi, da magariba, cikin hazo, zai zo kotu ya faɗi gudun mota da inda ta nufa ba tare da kuskure ba? Gwaje-gwaje sun nuna abin da ya dusashe yakan yi kamar ya fi tafiya a hankali. Mutum biyu masu gaskiya za su iya kallon haɗari ɗaya, kowa ya rantse, maganarsu ta saɓa. Mu kuwa da mun ga saɓani a labari, sai mu yi maza mu mayar da ɗayansu maƙaryaci.