Hankalin Ɗan Ƙauye Ma Amana Ne

Duk wanda ya saba bi ta Mando da sassafe, inda hanyar Birnin Gwari take zubo jama'a cikin Kaduna, ba zai rasa ganin samarin nan da 'yan bindiga suka raba da gonakin iyayensu ba, wasu suna tura baro, wasu suna ga-ruwa, wasu kuwa sun ƙura wa ƙasa ido kurum. Ran nan taya ta fashe daura da teburin wani mai shayi, sai na ga wani matashi ya saki kofinsa, ya kwanta rub da ciki yana makyarkyata, mutane suna dariya, mai shayin kuwa cewa ya yi, "Iska ce, ku ƙyale shi."

Wannan kalma ce ta sa na ɗauki alƙalami. Domin kuwa yaron da aka kashe mahaifinsa a gabansa, idan barci ya ƙaurace masa, ya daina shiga mutane, ya koma neman mafaka wurin tiramadol, abin da ƙauye ya tanadar masa bai wuce turare da rubutu ba, in al'amari ya faskara kuma sai mari. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, wasunsu da sarƙa a ƙafa, alhali da yawansu dangi ne suka kai su da hannunsu, bisa zaton gyara ake yi.

Magabata ba su jahilci wannan babi ba. Malaman usulu sun lissafa kiyaye hankali cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsarewa. Abu Zaid al-Balkhi kuwa, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya wallafa littafi a kan maslahar jiki da ta rai, inda ya rarrabe baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda yake sauko wa mutum haka kawai, ya wasafta wa kowanne maganinsa. Ashe ke nan ruƙiyya ba ta hana ganin likita.

Haƙiƙa an sami dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu, ta maye gurbin ta 1958. Amma babban asibitin ƙwaƙwalwa yana Barnawa, ƙetaren kogi, manomin Giwa kuwa kafin ya haɗa kuɗin mota, ya haɗiye kunyar a ce ɗansa ya taɓu, ciwo ya riga ya yi jijiya.

Saboda haka ina roƙon hukuma ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara su iya gane ciwon damuwa da na firgita tun yana ɗanye. Limamanmu kuma, daga masallacin Sultan Bello har na ƙauyukan Igabi, su faɗa a huɗuba cewa wannan ciwo ne, kuma yana da magani.