Raƙumi Da Biri: Darasin Da Korona Ta Bar Wa Matasa

Har yau akwai matasan da in an ambaci allurar rigakafin korona sai su ce ai a kan birai aka gwada ta, wai wannan cin mutuncin ɗan Adam ne. Maganar nan tana buƙatar gyara, domin kishi ba tare da ilimi ba hasara ne.

Dangin wannan ƙwayar cuta sun daɗe a jikin dabbobi. Tun shekarun 1930 aka gano ɗaya tana sa wa kaji ciwon numfashi a Amurka. A 2012 wata ta ɓulla a Jidda, aka kira ta MERS, tana kashe kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu. Bincike ya nuna raƙuma ne ke ɗauke da ita, har ma a 2015 an same ta a hancin raƙuman mayankar Kano. To, cutar da take zaune a jikin dabba, ta yaya za a san ta in ba a bi ta kan dabbar ba?

Masanan Jami'ar Oxford sun gwada rigakafin MERS a kan raƙuma a Saudiyya, kuma a kan wannan tubalin suka gina na korona a 2020, suka gwada shi a kan birai. Ɓeran gida kuwa bai kamu da nau'in farko ba, saboda ƙofar da cutar ke shiga jiki ta nan, wato ACE2, tasa ta sha bamban da ta mutum, sai da aka dasa masa irin ta mutum.

Abin tsoro na haƙiƙa shi ne a mai da ɗan Adam abin gwaji ba da saninsa ba. Kanawa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba.

Maganin irin wannan zalunci shi ne al'umma ta sami masananta masu iya bincika abin da aka kawo mata. Ga tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom. Matashin da yake da kishi na gaske, can ya kamata ya nufa, ba teburin mai shayi ba. Allah Ya sa a gane.