Wa Ya Ba Ku Mudun Auna Hausancinmu Da Kiɗa?

Jama'ar unguwa, ku yi mini haƙuri, yau da fushi na ɗauki alƙalami.

A watan jiya aka aurar da 'yar ƙanwata a nan unguwarmu. Dangin ango sun zo daga Arewa, mota biyu cike, muka sauke su da duk abin da Allah Ya hore. Ranar wuni, maƙwabtanmu mata, Tibi da Eggon da Alago, waɗanda tun asuba suke tare da mu a gindin murhu, suka roƙi mai sa kiɗa ya sa musu swange. Ya sa. Suka shiga fili, 'yan matanmu suka bi su, aka yi ta dariya ana liƙi. Sai wata dattijuwa cikin baƙi ta taɓe baki, ta ce yadda kowa zai ji: "Au, ashe ba gidan Hausawa muka zo neman aure ba?" Ƙanwata ta shige ɗaki ta yi kuka, ranar da ya kamata ta fi kowa farin ciki.

Da abin ya tsaya kan baƙuwa da na yi shiru, baƙo raɓa ne. Amma yanzu ina jin wasu daga cikinmu, 'yan unguwa, suna kai gwauro suna kai mari a kan lallai a kafa doka, a hana sa abin da suke kira "kiɗan ƙabilu" a bukukuwanmu, wai don yara kada su ɓace. To ni ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Tambayata ta farko: wanne ne kiɗan Hausawan? Ku nuna mini shi guda ɗaya. Basakkwace da Bazamfare sun tashi da kotso a kunne, kiɗan fada irin na Ibrahim Narambaɗa mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, da na Musa Ɗanƙwairo na Bakura. Idan ka kunna wa yaron Fagge ko Sabon Garin Kano Narambaɗa, rabin Gobirancin ma ba zai gane ba, sai an yi masa fassara. Shin ya fita daga Hausa ke nan? Bakatsine kuwa kalangun Mamman Shata ɗan Musawa ne abin tinƙahonsa, ga taushi a fada, ga asharalle a dandali. A Kano an sha kukumar Garba Supa, ga bandirin Ƙadiriyya da ke cika gari ranar maukibi. A Zariya Hassan Wayam ya yi zamaninsa da kukuma. Haɗeja ta ba mu Haruna Uji da gurminsa. Matan Funtuwa da Kano suka riƙe amada, Barmani Choge da Uwaliya suna kaɗa ƙwarya a kan ruwa. Ka tsallaka Maraɗi ka ji yadda goge ke da daraja. Mahauci da kalangunsa, manomi da gangar nomansa, maharbi da garayarsa, ɗan dambe da Ɗan Anace. Duk waɗannan Hausawa ne, kuma wallahi wasunsu ba sa iya zaman minti goma a gaban kiɗan wasu. Abincin wani gubar wani, tun a cikin ƙasar Hausa kanta.

Me ya kawo wannan bambanci? Ai ba wani sirri ba ne. Kunne abin da ya saba ji yake so. Inda sarauta ta yi ƙarfi, makaɗan fada suka yi yawa, domin akwai mai ba su riga da doki. Inda kasuwa da tasha suka bunƙasa, sai mawaƙan jama'a suka samu shiga, masu yi wa direba da ɗan kasuwa waƙa. Inda ɗariƙa ta kafu, sai bege da bandiri. Sana'ar gari, da masu kuɗin gari, da maƙwabtan gari, su ne suke gina kunnen ɗan gari. To mu su waye maƙwabtanmu? Makurɗi ta fi mana kusa da Kano nesa ba kusa ba. A kasuwar Lafiya da wa muke cinikin doya da agushi da riɗi? Da wa yaranmu suke zama aji ɗaya tun daga firamare har Jami'ar Tarayya da aka buɗe mana a 2011? Yaron da aka haifa a nan, yana goye a bayan uwarsa yake jin gangar Eggon da ta Migili da ta Gwandara ta kan katanga. Kana so ya girma kunnensa ya zama na Bakura? Da wane dalili?

Ku dubi Ɗan Maraya Jos, Allah Ya jiƙansa. A Bukur aka haife shi, a Jos ya rayu har ya rasu a 2015, cikin Birom da Ibo da Yarbawa da kowane irin mutum. Kuntiginsa ɗan ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya. Bai yi kiɗan fadar Sakkwato ba, bai yi na Katsina ba, ya yi waƙar karen mota da ta zaman aure, irin abin da mutumin gari mai haɗa jama'a yake gani kullum. Yau akwai Bahaushen da zai buɗe baki ya ce Ɗan Maraya ba namu ba ne? Kuma kafin 1 ga Oktoba 1996, da aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato, ai Jos ce babban birninmu. In dai gadon kiɗa ake nema, mu nan mun fi kusa da Ɗan Maraya a kan duk wanda ya zo yana mana gori.

Abu na biyu, mu riƙa tuna inda muke zaune. Sunan garin nan Lafiyar Barebari. Muhammadu Dunama da mutanensa, jinin Barno, su suka kafa sarautar nan. Zuriyarsu sun ɗauki harshen Hausa, amma ba su ce kowa ya jefar da gangarsa kafin ya shigo gari ba. Ranar hawan Salla ka tsaya a ƙofar fada ka saurara, ka ji kiɗa kala nawa ke tashi kafin a watse. Iyayenmu da kakanninmu da suka zo fatauci, wasu a ƙasa, wasu ta jirgin ƙasa, an ba su wuri sun zauna, sun yi arziki, sun binne iyayensu a nan. Yanzu mu jikokinsu ne za mu rubuta takarda mu ce kiɗan masu ƙasa ƙazanta ne, ba ya shiga layinmu? Kuna tsammani maganar ba za ta fita ba? Matar da ta kwana tana tuƙa tuwon bikin 'yarka, ka ce mata hannunta halal ne amma kiɗanta haram? Jihar nan ta ga tashin hankali, wanda ya shekara goma sha biyar a nan ba sai an ba shi labari ba. Zumuncin da ke hana wuta kamawa ba a ofis ake ƙulla shi ba, a gidan biki da gidan suna da gidan makoki ake ƙulla shi. Wanda ya tsinke wannan igiya saboda kiɗa bai san abin da yake wasa da shi ba.

Na uku, laifi tudu ne. Masu cewa a tsare "asali", me suke so a sa a madadin swange? Waƙoƙin fiyano na finafinan Kano. Ba na ƙin su, ni ma ina da Hamisu Breaker da Ali Jita a wayata. Amma don Allah mu faɗa wa juna gaskiya: wa bai san cewa salon waƙar soyayya ta namiji da mace suna amsa wa juna daga finafinan Indiya aka koyo shi ba? Fiyanon kanta a wace maƙera aka ƙera ta, Kano ko Katsina? Ashe aro daga Indiya asali ne, amma aro daga maƙwabcin da kuke shan ruwan rijiya ɗaya ɓata ne? Algaitar da muke alfahari da ita ma, sunanta daga Larabawan Arewacin Afirka ya zo. Kalangu kuwa yana da 'yan'uwa a hannun Yarbawa da Dagomba. Su ma maƙwabtan namu sun ara daga gare mu. Ka kasa kunne ga busar da ke cikin swange, ka gaya mini ba ta yi maka kama da algaita ba. Ka wuce ta gaban coci ranar Lahadi ka ji da wane harshe matan zumunta suke rera waƙa. Da Hausa ne. Su ba su ji kunyar harshenmu ba, mu ne za mu ji ƙyamar gangarsu?

Ba na cewa masu ƙorafi ba su da gaskiya ko kaɗan. Wanda ya ce shi saboda addini ba ya son kiɗa kowane iri a gidansa, na girmama shi, domin mudunsa ɗaya ne, bai ware na Kano ya bar na Binuwai ba. Kuma akwai ɓarna a bukukuwanmu, ba mai musu. Ana kafa lasifika har ƙarfe biyun dare, ga mara lafiya, ga ɗalibi mai jarrabawa. Ana ci gaba da kiɗa ladan yana kiran salla. Ana sa waƙoƙin batsa yara ƙanana suna haddacewa. Ana tare hanya ba izini. To amma wannan ɓarna tana da ƙabila ne? Waƙoƙin batsar da na ji yaran layinmu suna rerawa, da Hausa tsantsa aka yi su. In doka za a yi, a yi ta a kan lokaci, da ƙarar sauti, da kalaman waƙa, ta hau kan kowa daidai. Wannan zan sa hannu da kaina.

Kuma in da gaske kishin kiɗan Hausa ne ya dame ku, ga inda aikin yake. Yaushe rabon da a kira mai kalangu biki a unguwar nan? Tsofaffin makaɗanmu suna nan, wasu sun koma dako, wasu gadi, kalangun yana rataye a bango fata ta bushe, saboda mun gwammace mu biya DJ da kebur ɗinsa. Matan da suka iya kiɗan ƙwarya da shantu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, babu yarinyar da ta koya. Ba Batibi ne ya kashe wannan ba, mu ne da hannunmu. Shata ya rasu tun 1999, Barmani ta bi shi a 2013. Yaro nawa ne a gidajenmu aka taɓa zaunar da shi aka kunna masa su, aka warware masa abin da suke faɗa? Ka hana yaro swange alhali ba ka ba shi Ɗanƙwairo ba, me ka tsare?

Shawarata ga dattawan unguwa ita ce: duk mai biki ya ware wa makaɗan gargajiya wani lokaci, ya biya su kamar yadda yake biyan mai na'ura. A tsayar da lokacin tashi. A kashe sauti in an kira salla. Sannan a bar maƙwabta su shigo da nasu, mu ma mu kai namu in sun gayyace mu.

Ku kuma 'yan'uwanmu na Arewa masu zuwa mana biki, muna maraba da ku, gidanku ne. Amma ku bar mudunku a gida. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, mu kuwa gidanmu Lafiya ne. 'Yar ƙanwata tana ɗakin mijinta yanzu, ta iya tuwon shinkafa, ta iya sakwara, tana jin Shata, tana taka swange. Ban ga abin da ya ragu a Hausancinta ba, kuma ba zan zauna a taron da za a ce ta nemi gafarar kowa ba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.