Ƙyanda: allura ta biyu da kwalbar da ake ƙin buɗewa

Da zarar sanyi ya ja baya, zafin rani ya kunno kai, ƙyanda kan shigo mana gari. Wasu su ce dussa, wasu baƙon dauro. A Nijar takan yi ƙarfi da rani, ta lafa in damina ta sauka. A watanni 3 na farkon 2021 an ƙidaya mutum 3,213 da suka kamu a faɗin ƙasa, alhali a daidai wannan lokaci na 2020 ba su wuce 1,081 ba.

Da ƴan kasuwa muke magana, musamman iyaye mata, domin a hanyarku cutar take tafiya. Mai goyo ta taso daga Gabi ta ci kasuwar Madarunfa, jibi tana Ɗan Isa, wani makon Maraɗi ko Jibiya, cikin mota cike maƙil. Ƙwayar ƙyanda a iska take, tana iya kai awa 2 a wurin da mai ita ya yi tari ya tashi. Yaro yakan fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, lokacin da uwarsa ke cewa mura ce. Cikin yara 10 marasa rigakafi da suka zauna kusa da shi, 9 za su ɗauka. Wanda ya ga kwalarar 2018, da ta fara a yankin Madarunfa kafin ta bazu, ya san cuta ba ta tsayawa wajen duwan.

Ba ƙurajen ne ke kisa ba. Abin da ke biyo baya ne: ciwon huhu, zawo, wani lokaci makanta. Yaro mai tamowa ya fi kowa shiga haɗari, kuma a jihar Maraɗi ba sai an gaya wa kowa mece ce tamowa ba. Ƙungiyar likitocin MSF ta shafe shekaru tana fama da ita a sashen yara na asibitin Madarunfa. Bincike ya kuma nuna ƙyanda tana goge kariyar da jiki ya riga ya tara daga wasu cututtuka. Shi ya sa za ki ga yaro ya warke, amma wata da watanni yau ciwo gobe lafiya.

An samu allurar ƙyanda a 1963. Kafin ta wadatu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum miliyan 2.6 kowace shekara. A 2023 adadin ya sauko zuwa kimanin 107,500, galibi yara ƴan ƙasa da shekara 5. Ragi ne babba, amma ga cutar da allurarta ke hannu shekara 60, wannan adadi abin kunya ne.

Inda muke tuntuɓe shi ne allura ta biyu. Ta farko, ta wata 9, tana kare kimanin yara 85 cikin 100. Sauran 15 sai ta biyu, wadda ake yi bayan yaro ya shiga shekararsa ta biyu. To a lokacin ya fara tafiya, wataƙila uwa ta samu wani ciki, karne ya shige ƙasan akwati. Kuma sai yara 95 cikin 100 sun samu duka biyun kafin cutar ta rasa hanya a gari.

Sai dai ba za mu ɗora wa mata laifin duka ba. Allurar kyauta ce, amma wuni ba kyauta ba ne. Mai sayar da fura ko ƙosai da ta rufe sana'arta, ta biya kabu-kabu, ta zauna layi tun hantsi, sannan a ce mata "yara ba su cika ba, ki dawo wani mako", da wuya ta dawo. Dalilin wannan magana shi ne kwalba guda ta yara 10 ce, in an haɗa ta kuma dole a zubar da ragowar bayan awa 6. Ma'aikaci yana tsoron a tuhume shi da ɓarna, sai ya jira a taru. Amma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: a buɗe kwalba ko don yaro guda ne. Asarar ragowar allura ba ta kai kwana 10 a gadon asibiti ba, balle abin da ya fi haka.

Don haka muna kira ga hukumomin lafiya na Madarunfa da su ba ma'aikatansu izinin buɗe kwalba a rubuce, yadda babu mai jin tsoro. Su kuma kai teburin rigakafi bakin kasuwa ranar da take ci, tunda can matan suke. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin mata su ne ya kamata su je da wannan buƙata, ba sai annoba ta ɓarke ba.

Ke kuma uwar gida, ki duba karnen nan yau. In layin allura ta biyu babu komai, ki je ko da yaron ya wuce lokaci. In kuwa zazzaɓi ya zo da jan ido da tari, kada ki goya shi zuwa kasuwa, kada a ɗiga masa komai a ido, kada a hana shi nono da ruwa. A kai shi likita a ba shi bitamin A, wanda ake bayarwa sau biyu, yau da gobe.